Kuɓewar Iya a Kan Soro

Mu biyar ne a gidanmu na Madabo a shekarar da zan ba da labarinta. Akwai Iya Hanne, kakata ta wajen uba, wadda ɗakinta ke kusurwar gabas. Akwai mahaifina, Malam Sule, maɗinkin hula, da mahaifiyata, wadda nake kira Inna. Akwai Baffa Ɗanjuma, ƙanen mahaifina, magini, wanda ke kwana a ɗakin da ke jikin zaure. Sai kuma ni, Bala, ina da shekara goma sha biyu. Bisa wasan da ke tsakanin kaka da jika, Iya ba ta taɓa kirana da sunana ba. Maigida take ce mini, ni kuwa in ce mata Amarya.

Bazarar bana ce ta tuna mini da su. Yanzu ina zaune a hawa na uku na gidajen ma'aikata da ke wajen ganuwa, inda aka ba ni ɗaki biyu bayan na gama jami'a na kama aiki. Ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa. Abin da nake da shi 'yar baranda ce, wadda in mutum ya shimfiɗa tabarma a cikinta babu sauran wuri, a nan na jera gwangwanaye na yi shuka. Ruwan sama ya yi jinkiri, na famfo kuma ba ya hawowa inda nake sai da asuba. Shekaranjiya na tsinci kaina ina alwala a kan daro don kada ruwan ya tafi a banza. Na daɗe a tsugune da buta a hannu, domin na tuna inda na koyi yin haka.

A tsakiyar shekarun hamsin ne, Turawa ba su tafi ba tukuna. Gidanmu dā babba ne, amma bayan rasuwar kakana aka yi rabon gado, aka ja katanga, tsakar gidan da ta rage mana ba ta fi taku shida a tsaye da huɗu a kwance ba. A cikinta akwai rijiya, da murhu, da turmi, da igiyar shanya, da turken akuyar Inna. Duk abin da Iya ta shuka a gindin katanga, in turmi bai danne shi ba, akuya za ta tsinke igiya ta cinye shi.

Iya ba 'yar birni ba ce. Daga wani ƙauye da ke can bayan Ƙofar Dawanau aka kawo ta, kuma ranar da za a kawo ta mahaifiyarta ta ƙulle mata irin kuɓewa a bakin zane. Gajeriyar kuɓewa ce, mai kauri, mai ja-ja a kai, ga yauƙi. Fiye da shekara arba'in Iya tana shuka ta kowace damina, tana barin 'ya'ya biyu ko uku su bushe a jikin uwa, ta ɓare su, ta gauraya irin da toka, ta toshe a 'yar gora. Ƙauyen nan ya watse tun kafin a haife ni, danginta sun bazu, mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa. Ban taɓa jin Iya ta ce tana kewar kowa ba. Gorar dai tana rataye a saitin kanta.

Ana saura mako guda a kama azumi aka yi wani ruwa da rana tsaka, mai ƙarfi, wanda ya sa gari ya yi ƙamshin ƙasa har kwana biyu. Washegari Iya ta sauko da gorar, ta zazzage a faifai, sai ga gari da ƙwari maimakon iri. Ta zauna a ƙofar ɗaki tana tsince masu rai da farce, ni kuma ina ƙirgawa. Ƙwaya ashirin da ɗaya muka samu. Inna ta ba da shawarar a sake musu toka a jira damina ta kankama. Iya ta ce ƙwaron da ya ci ɗari ba zai ji kunyar ashirin ba, kuma ga shi ruwa ya sauka. A ranar ta yanke hukuncin shuka su duka, kuma a inda akuya ba ta iya zuwa, wato a kan rufin ɗakinta.

Muka tattara fasassun tukwane da gindin tsohuwar randa, kasko bakwai ke nan. Na ɗebo ƙasa daga bakin kududdufi, na haɗa da kashin akuya, wanda Iya ta ce shi ne diyyar ɓarnar da akuyar ta yi mata. Kowane kasko ƙwaya uku. Da tsanin Baffa na hau da su ɗaya bayan ɗaya. Iya da kanta ta hau a ranar farko, tana bismilla a kowace matakala, ta nuna mini inda zan kafa tsohuwar tabarma don inuwa. Ba ta sake hawa ba, gwiwoyinta sun ƙi. Tun daga nan ni ne idonta da hannunta a sama.

A unguwa irin tamu ba a hawa soro haka kawai, domin wanda ke sama yana ganin tsakar gida huɗu ko biyar. Magina sukan yi shela kafin su taka tsani, don matan maƙwabta su kimtsa. Mahaifina ya ce tun da na isa yin azumi cikakke, na isa yin shela. Saboda haka safe da yamma nakan tsaya a gindin tsani in ɗaga murya in ce a kimtsa za a hau soro, kamar wani babban magini. Daga bayan katanga sai in ji mata suna dariya, wata tana cewa manomin sama ya fito, a tambaye shi ko ya ga hadari daga can.

Ban ga hadari ba. Bayan wancan ruwa guda sama ta rufe. Aka ga wata, aka kama azumi, rana kuma ta buɗe da wani irin zafi wanda har yanzu ban sake jin kamarsa ba. Kafin hantsi katangu sun ɗauki zafi, da azahar ba a iya taka tsakar gida babu takalmi. Ƙurajen zafi suka feso mini a wuya da baya. Mahaifina da abokan ɗinkinsa sukan zauna a zaure, allura tana sulɓewa daga yatsunsu saboda gumi, ba mai magana da wani. Inna takan jiƙa zane ta lulluɓa kafin ta hura wutar ƙosai. Leɓɓana suka tsage, yawu ya yi kauri a bakina har nakan ji harshena kamar ba nawa ba. Hatsi ya yi wuya a kasuwa, tuwon dare ya ragu, kunun tsamiya ya tsinke har ana ganin gindin ludayi.

Tsiro goma sha tara suka fito. Kowace safiya Iya takan tsaya a ƙasa, hannu a goshi, ta tambaye ni ganye nawa kowanne ya yi, da wanda ya sunkuyar da kai. Ta san su kasko-kasko ba tare da ta gan su ba.

Sai rijiya ta fara ja da baya. Aka ƙara wa guga igiya sau biyu, daga baya abin da yake fitowa da shi rabi ruwa ne rabi laka, sai an bar shi ya kwanta. Na sha da na girki kuwa sai an jira masu garuwa, su ma sukan wuni a layin famfo. A daren goma ga wata mahaifina ya tara mu ya ce daga yau ruwa na sha ne, da girki, da tsarki, da alwala. Bai ambaci kuɓewa ba, bai kuma dubi mahaifiyarsa ba yayin da yake magana. Iya ta ce ta ji, kuma gaskiya ya faɗa.

Da asuba ta fito da daronta na aure, ta ajiye a gindin rijiya, ta ce duk mai alwala a gidan nan a kansa zai yi. Ba ta karya dokar ɗanta ba ko da ɗigo. Sai dai daga ranar alwalar Iya ta daina daɗewa. Kafin azahar takan sabunta ta sau uku, tana cewa tsufa ne, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Ta riƙa tambayar Inna ko ta tabbata tata ba ta karye ba. Ta aike ni zaure da daron da buta, in gaya wa abokan ɗinkin mahaifina cewa ba sai sun wahala zuwa masallaci da ƙafa busasshiya ba. Mahaifina ya dubi daron, ya dube ni, ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin gidan nan da yawan ibada irin ta bana ba. Sa'an nan ya naɗe hannun riga, shi ya fara.

Abin da ake tarawa a wuni bai fi cikin tulu ƙarami ba. Da la'asar sakaliya nakan hau da shi, in raba da ludayi, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shiga maƙogwarona, ni da ban sha komai ba tun sahur. Ban taɓa kai ludayin baki ba, amma na sha daɗewa ina kallonsa.

Baffa ne kaɗai bai yi dariya ba. Lokacin yaɓe ne, kullum yana kan rufin mutane yana shafa makuba, haɗin ɓawon ɗorawa mai hana ruwa ratsa soro, kafin damina, ta ɗakin Iya ma ya riga ya jiƙa ta a tukunya. Ya same ta ya ce a sauke kasaken kwana biyu kawai ya yi yaɓe, domin rufin ya tsattsage, kuma azarar ɗakin tun ta zamanin mahaifinsa ce. Ya ce ita ba ta san abin da ruwa yake yi wa soro ba in ya sami wurin zama. Iya ta ce in aka sauke su akuya za ta yi buɗa-baki da su, in aka motsa su kuma saiwar za ta girgiza. Ya jira su yi fure su ɗaura 'ya'ya.

“Iya, mutane za su ce magini ne ɗanki, ɗakinki kuma ya fi na kowa lalacewa.”

“In sun faɗa ka ce musu ni na haife ka, ba su ba.”

Ya ɗauki tukunyar makubarsa ya mayar bayan ɗaki.

A cikin goman tsakiya tsiro biyar suka mutu. Biyun farko na faɗa wa Iya, ba ta ci tuwo ba a daren. Sauran ukun na ɓoye, na ci gaba da ba ta lissafin ganyensu, har ina ƙara musu sabon toho. A kwanakin ne na lura da wani abu. In na zuba ruwa, kaɗan daga ciki yakan fita ta tsagar kasko, ya bi gangaren rufi, ya shiga indararo, wanda bakinsa ke zuba a lungun bayan gida. Na leƙa na ga kaza tsaye a ƙasa tana jiran ɗigon. Raina ya ɓaci ƙwarai, ruwan alwalar mutum tara yana ƙarewa a cikin kazar da ba tamu ba. Na cire tsohuwar hulata, wadda ita ce ta farko da mahaifina ya ɗinka mini, ta riga ta yi mini kaɗan, na cusa ta a maƙogwaron indararon, na liƙe da laka. Daga ranar rufin da ke ƙarƙashin kasaken bai ƙara bushewa ba, tsirran kuma suka ɗago kai.

Na gaya wa Iya cikin alfahari. Ta ce lallai ta yi dacen miji, amma in riƙe abu biyu: kada Baffa ya ji, kuma ranar da na ga hadari, kafin in yi komai in cire hular. Na yi mata alkawari.

Aka fita roƙon ruwa sau biyu. Hadari yakan taso da yamma daga gabas, ya yi duhu, iska ta watsa shi. Sau uku ina cire hular ina mayarwa, har na gaji da gaskata sama. Ranar ashirin da shida ga wata na ga fure na farko, rawaya mai jan ciki, a kaskon gindin randa da ke kusa da bakin tsani. Da na faɗa wa Iya sai ta shiga ɗaki ta fito da dabino guda ta ba ni, ta ce in ajiye sai an sha ruwa.

Washegari bayan la'asar Inna ta aike ni da kwanon ƙosai gidan yayarta a Ƙofar Mazugal. Da na fita sama fari tas take. Ina isa iska ta juya, ta yi sanyi, kafin in gama gaisuwa ruwa ya kece kamar ana juye randa. Yara suka fito tsirara suna tsalle, manya masu azumi suka tsaya a cikinsa suna ɗaga fuska da baki a rufe. Ni ma na tsaya ina dariya, ruwan yana wanke mini ƙuraje. Sai da na ga indararon gidan yana feshi har tsakiyar lungu sa'an nan na tuna. Na bar kwanon a nan na zura da gudu.

Abin da ya faru a gida kafin in iso, Inna ce ta ba ni labari daga baya. Ita tana ta tara ruwa a duk abin da ke da baki. Mahaifina yana masallaci, ruwan ya tsare shi. Baffa yana kwance a zaure, azumi da aikin rana sun gama da shi. Iya ta tuna da hular tun ɗigon farko. Sau biyu tana zuwa bakin zaure ta koma, domin faɗa wa Baffa yana nufin tona mini asiri, tana kuma sa ran zan shigo yanzu-yanzu. A ƙarshe ta koma ɗakinta ta zauna a bakin gado tana jan carbi. Wani mai garuwa da ya fake a zaurenmu ne ya ce wa Baffa abin mamaki, duk indararon da ke lungun bayan gidan nan yana zuba, ban da guda ɗaya.

Na shigo na tarar da Baffa a saman tsani, bai ko yi shela ba. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan rufin, ya janye ta nan take. Rufin ya zama tafki, ruwa ya kusa kai bakin rawanin katanga, tabarmar inuwa tana yawo a kai. Ya juyo ya daka wa Inna tsawa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ta fito da Iya yanzu. Ni da Inna muka shiga. Ƙasa tana zubowa daga tsakanin azara kamar ana tankaɗe, wani wuri kuma ruwa ne ja yake tsiyaya. Iya ta ce a bari ta ɗauki gorarta. Muka ɗauke ta cak, ita da carbin, muka fito.

Da na ɗaga kai sai na ga Baffa bai sauko ba. Ya kwanta da ciki a kan katanga, ya miƙa hannu iya tsawonsa, yana jawo wani abu. Inna tana roƙonsa ya sauko. Ya sauko a hankali da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana rungume da kaskon gindin randa a ƙirji, laka tana bin rigarsa. Ƙafarsa ba ta daɗe da taɓa ƙasa ba muka ji azara ta yi ƙara, sa'an nan rufin ya tafi ciki gaba ɗaya, da wani nauyin sauti da na ji a cikina fiye da kunnena. Ruwan laka ya fito ta ƙofar ɗakin ya rufe mana idon sawu.

Baffa ya ajiye kaskon a gaban mahaifiyarsa. Tsiro biyu ne a ciki, ɗaya da furensa, ruwa ya tsinke masa kunne guda. Muna nan tsaye aka kira magariba. Inna ta ɗebo ruwan sama a ƙwarya, ta miƙa wa Iya, Iya ta sha ta miƙa wa Baffa. Ni kuma na laluba aljihu na sami dabinon jiya, wanda na manta ban ci ba, ya jiƙe, na raba shi uku.

Da safe, da mahaifina da Baffa suna kwashe ƙasa, Iya ta sanar da su cewa ita ce ta toshe indararon, kada a tuhumi kowa. Baffa ya zagaya lungu, ya dawo da indararon a kafaɗa, ya sa sanda ya zaƙulo abin da ke ciki, ya warware shi a gaban kowa. Mahaifina ya gane ɗinkinsa.

“Iya, yaushe kika fara sa hula?”

“Ta mijina ce. Abin da miji ya yi da izinin matarsa, ita ta yi.”

Na fashe da kuka na faɗi gaskiya, har da tsiro ukun da na yi ta ba ta lissafinsu bayan sun mutu. Iya ta ce ta sani tun ranar, domin kuɓewa ba ta yin ganye biyu a dare ɗaya, ta dai bar ni ne don ta ga iyakar arzikin da zan yi mata. Ba a doke ni ba. Baffa ya ce wanda ya san yadda ake kayar da soro ya kamata ya san yadda ake tayar da shi. Da kaka ta yi, ni na taka duk ƙasar da aka sake rufin da ita, har tafin ƙafata ya tsage.

Iya ta yi daminar a ɗakin Inna. Kaskon kuwa Baffa ya gina masa 'yar katanga a gindin rijiya, mai tsawon da akuya ba ta iya haurawa, ya ƙara cinye mana taku guda na tsakar gida, ba wanda ya yi ƙorafi. Ba mu ci ko ɗaya daga 'ya'yan shekarar ba. Duka aka bari suka bushe, aka sami sabuwar gora. Bayan rasuwar Iya gorar ta koma hannun Inna, ranar da zan tare a nan kuma ta ƙulle mini kaɗan a bakin hankici. Su ne a gwangwanayen da ke barandata. Barandar ta siminti ce, ba abin da ruwa zai yi mata, amma kowace safiya sai na sa yatsa a bututun da ke kusurwarta na tabbatar a buɗe yake.

Abin da aka rasa a ranar ashirin da bakwai ga watan azumin nan: rufin ɗaki ɗaya, azara tara, gadon kara, randa, tasoshi huɗu na auren Iya, tsohuwar gora, kasko shida, tsiron kuɓewa goma sha biyu, da hula ɗaya.